Hedimasta da Yaro Mai Buƙata ta Musamman: Waiwaye a Kan Umarni, Malamai da Harshen Koyarwa a Firamaren Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 ne Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa karo na farko, kuma a cikinta aka keɓe sashe na takwas ga abin da aka kira ilmi na musamman. Bugun da suka biyo baya, wato na 1981 da 1998 da 2004 da 2013, kowannensu ya sake ɗaukar alkawarin cewa yaron da ba ya gani, ko ba ya ji, ko ba ya iya tafiya, yana da haƙƙin karatu daidai da sauran 'yan'uwansa. Shi wannan umarni, bayan ya ratso ma'aikatar ilmi ta tarayya da ta jiha da ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, a teburin mutum guda yake sauka, wato hedimastan firamare. Shi ne wanda zai dubi uban da ya riƙo hannun ɗansa kurma ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, ya ce masa i ko a'a.

Wannan maƙala za ta bi diddigin tarihin wannan umarni a Arewacin Nijeriya. Abin da take son nunawa shi ne, an daɗe ana ɗora wa hedimasta nauyin karɓar yaro ba tare da an ba shi ikon samo malamin da zai koyar da shi ba, sa'annan kuma a 'yan wuraren da malamin ya samu, sai ya iso da harshen da ba na yaron ba. Saboda haka zancen ƙarancin malamai a wannan fage, idan aka tona shi, zancen harshe ne, kuma ya shafi masana harsunan Nijeriya kai tsaye. An fi mai da hankali ga kurame da makafi domin su ne lamarinsu ya fi jiɓintar harshe. Haka kuma an yi amfani da kalmar "naƙasassu" a wuraren da takardun zamanin suka yi amfani da ita, duk da cewa daga baya "masu buƙata ta musamman" ta maye gurbinta a bakin hukuma da gidajen rediyo.

2.0 Kafin Zuwan Boko

Al'ummar Hausawa ba ta jira zuwan Turawa ba kafin ta san inda za ta ajiye masu lalura. A manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu da Sarkin Bebaye, kowannensu da naɗi daga fada da 'yan majalisarsa, shi ne kuma ke sasanta rigingimun jama'arsa, ya wakilce su a gaban sarki. Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba: bara ce ginshiƙin tattalin arzikinsa, kuma yara da yawa, musamman masu taɓin ƙwaƙwalwa, a cikin gida suka tashi suka tsufa. Duk da haka akwai abubuwa biyu a cikinsa da suka shafi wannan nazari.

Na farko, makarantar allo ba ta kori makaho ba. Karatun da ake biyawa da baki, a maimaita har ya zauna, kunne ya fi nema a kan ido, don haka makaho kan zauna a da'ira ɗaya da masu gani, wani lokaci ma ya riga su hadda. Malamai na da hujjarsu a Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan sha'anin sahabi makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Irin wannan tarbiyya ce ta samar da Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasu a 1990 bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Ke nan abin da daga baya aka zo ana kira cuɗanya ɗalibai wuri guda, tsangaya ta riga ta san shi game da makafi, ba tare da malami na musamman ba, domin hanyar koyarwar kanta ta dace da su.

Na biyu, kurma, wanda tsangaya ba ta yi masa wannan rana ba, yana da harshensa. Maganar hannu, ko maganar bebaye kamar yadda wasu ke kiranta, harshe ne da kurame ke gadar sa daga junansu a majalisunsu da kasuwanni da wuraren sana'a, kuma masu ji da yawa, musamman 'yan kasuwa da maƙwabta, sukan iya wani abu daga cikinta. Kurma kan koyi ɗinki ko kafinta ko noma, ya yi aure, ya yi ciniki, duk da wannan harshe. Za a dawo kan wannan batu a gaba, domin shi ne abin da takardun hukuma suka yi shekaru suna tsallakewa.

3.0 Zamanin En'e da 'Yan Mishan

Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da makarantun elementare na En'e da suka biyo bayanta, an kafa su ne don samar da ma'aikata. Yaron da hakimi ko dagaci zai tura boko, lafiyayye ake so, kuma babu wanda ya tambayi hedimasta abin da ya tanada wa makaho. Boko kuwa allo da alli da littafi ne, wato ido, sa'annan bayanin malami a gaban aji, wato kunne. Da haka sai makaho ya rasa gurbin da yake da shi a tsangaya, kurma kuma bai samu sabo ba.

'Yan mishan ne suka fara shiga wannan giɓi. A 1953 ƙungiyar SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, a Jihar Filato ta yau, inda aka koyar da rubutun Birel da sana'o'in hannu. A Legas, a ƙarshen shekarun 1950, aka fara makarantar kurame ta Wesley, sa'annan makarantar makafi ta Pacelli ta biyo a 1962. Duk waɗannan makarantu ne keɓaɓɓu, yawancinsu na kwana, kuma a hannun coci suke. Ba abin mamaki ba ne idan uba Musulmi a Katsina ko Haɗeja ya yi ɗari-ɗari da tura ɗansa makaho wata ƙasa mai nisa ya kwana a hannun mishan, alhali ga tsangaya a ƙofar gida.

Wataƙila wannan ɗari-ɗari na cikin dalilan da suka sa a farkon shekarun 1960 ƙungiyar kula da makafi ta ƙasashen Kwamanwel ta gwada wata dabara a Jihar Arewa. Maimakon a kwashe yara zuwa makaranta keɓaɓɓiya, sai a bar makaho a firamaren garinsu, a horar da malami guda mai zagayawa, ya riƙa bin makarantu yana koya wa yaran Birel, yana juya musu darussa, yana kuma ba malamin aji shawara. A nan ne karo na farko da hedimastan makarantar gama-gari ya sami kansa da ɗalibi makaho a rajista. Abin lura shi ne, masu wannan dabara sun fara ne da malami, sa'annan suka kawo yaro. Tsare-tsaren da suka biyo baya sun juya wannan jeri.

Ta ɓangaren kurame, mutumin da ya fi kowa barin tasiri shi ne Andrew Foster, baƙar fatar Amurka, kurma, wanda ya kammala Kwalejin Gallaudet a 1954. Ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga nan ya kai aikinsa Enugu da Kaduna. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu a ƙasashen Afirka da dama. Foster ya yi wa kuramen Nijeriya babban alheri, domin ya zo da koyarwa da hannu a lokacin da makarantun da ke bin Ingila suka dage a kan tilasta wa kurma karanta leɓe da furta magana, bin ra'ayin da ya yi rinjaye tun taron Milan na 1880. Sai dai hannun da ya zo da shi na Amurka ne. Ɗaliban da ya horar, waɗanda wasunsu suka je Gallaudet suka dawo, su ne suka zama malaman malamai. Wani abin sha'awa shi ne, a shekarar 1960 ɗin nan ce William Stokoe ya wallafa nazarin da ya tabbatar da cewa maganar hannu ta Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. Sai da aka ƙara shekara 40 kafin maganar hannu ta Hausa ta sami irin wannan shaida a rubuce.

4.0 Shirin UPE da Manufar 1977

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi: aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa na horar da malamai, aka ɗauki waɗanda suka gama firamare jiya suka zama malaman wucin gadi, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ɗaga darajarsu ta hanyar karatu daga gida. Kalmar "kowa" da ke cikin sunan shirin ta haɗa da makaho da kurma da gurgu, kuma wasunsu sun zo.

Sashe na takwas na Manufar 1977 an rubuta shi da kyakkyawar niyya. Ya yi alkawarin ƙidaya naƙasassun yara bisa shekaru da jinsi da wurin zama da irin lalura. Ya ce karatunsu kyauta ne a kowane mataki. Ya ce za a cusa darussan ilmi na musamman a dukkan kwalejojin horar da malamai, domin kowane malami ya iya gane yaro mai lalura a ajinsa. Ya kuma bayyana cewa cuɗanya su da sauran yara a makaranta ɗaya ita ce hanyar da ta fi dacewa, tun da a cikin jama'a za su rayu, tare da barin makarantu keɓaɓɓu ga waɗanda lalurarsu ta yi tsanani. Wannan matsayi ya riga rahoton Warnock na Ingila da shekara guda, ya kuma riga sanarwar Salamanca ta 1994 da shekara 17. A kan takarda dai Nijeriya ba ta makara ba.

A shekarar 1977 ɗin aka buɗe babbar kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a garin Oyo, wadda ta yi shekaru masu yawa ita kaɗai ce irinta a ƙasar. Jami'o'in Ibadan da Jos suka buɗe sassa, daga baya Jami'ar Bayero ta bi sahu. Jihohin Arewa kuwa kowace ta gina makaranta keɓaɓɓiya guda ko biyu a babban birninta, irin ta Tudun Maliki a Kano. A nan ne aiki ya saɓa wa manufa. Manufa ta ce a cuɗanya, kuɗi da malamai kuwa suka tafi makarantun keɓewa. Malamin da ya sami horo a Oyo, idan ya dawo jiharsa, makarantar babban birni ake tura shi, ko a ba shi tebur a ma'aikata, ko kuma, abin da ya fi ciwo, a tura shi sakandare ya koyar da ɗayan darasin da ya haɗa da shi a kwaleji, Ingilishi ko lissafi, ilmin na musamman ya ruɓe a cikinsa. Ƙidayar da aka yi alkawari, wadda ita ce za ta nuna yawan malaman da ake buƙata da inda ake buƙatarsu, bugun da suka biyo baya sun ci gaba da ambatonta a matsayin abin da za a yi.

5.0 Wa Ke da Iko da Malami?

Domin a fahimci halin da hedimasta ya shiga, sai an dubi yadda ikon ɗaukar malamin firamare ya riƙa sauya hannu. Dokar Ilmi ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ta biyo bayan rahoton Oldman, ta kafa hukumomin ilmi na yankuna a ƙarƙashin En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da firamare hannunsu. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, malamai suka watse. A 1988 aka kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka mayar wa ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake kafa ta. A ranar 30 ga Satumba, 1999, aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004, ta tsara hukuma a tarayya, da hukuma a kowace jiha, da ofishin sakataren ilmi a kowace ƙaramar hukuma.

A duk wannan kai-da-kawo babu lokacin da ikon ya sauko ofishin hedimasta. Ba ya ɗaukar malami, ba ya canja masa wurin aiki, ba ya riƙe da kasafin da zai sayi allon Birel ko na'urar ƙara ji. Abin da ke hannunsa shi ne rajista, da jadawalin darussa, da rabon azuzuwa ga malaman da aka aiko masa, da kuma takardar koke zuwa ga sakataren ilmi. Bugun 2004 na Manufar Ilmi ya ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, da malami ɗaya ga ɗalibi 10 a makarantun musamman, amma bai warware wa hedimasta lissafin ajin da ya haɗa iri biyun ba. Duk wanda ya san firamaren cikin birnin Kano ko Gusau ya san cewa aji mai yara 100 ba baƙon abu ba ne. An kuma keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin tallafin UBE don ilmi na musamman, amma ta hannun hukumomin jihohi kuɗin ke bi, kuma makarantun keɓewa da 'yan makarantun gwaji ne suka fi ganin sa.

Yaran kuwa ba su daina zuwa ba. Ƙyanda da sanƙarau da shan-inna sun yi ta barin tabo a Arewa. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma sanannen abu ne a likitance cewa kurumta na cikin abin da wannan cuta ke bar wa waɗanda suka tsira. Irin wannan yaro ya riga ya iya Hausa kafin ya kurumce, wani ma yana aji biyu ko uku. Ya warke ya dawo ajinsu, malami na gaba yana bayani, shi kuwa yana kallon baki. Hedimasta mai tausayi kan sa a dawo da shi layin gaba, ya haɗa shi da aboki mai ba shi littafi ya kwafa. Gurgu kuma a mai da ajinsu ɗakin da ba shi da matakala. Waɗannan dabaru ne na mutanen kirki, kuma sun ceci yara da dama, amma ba su cikin wata takardar umarni, kuma sukan tafi ranar da aka canja wa hedimastan wurin aiki. Mafi yawan lokaci abin da ke faruwa shi ne a ba uba shawara ya kai yaron makarantar babban birni, uban ya ce to, ya koma da shi gida.

Fam ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara yana da gurbin da hedimasta zai rubuta yawan ɗalibansa makafi da kurame da guragu da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mutumin da ba a horar da shi gane yaro mai rabin ji ko mai raunin gani ba, wanda ya gani ƙuru-ƙuru kawai zai rubuta. Sauran sukan shiga sahun waɗanda malamai ke kira daƙiƙai.

6.0 Matsalar Harshe

Manufar 1977 ta ce a fara koyar da yaron firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, sa'annan a koma Ingilishi. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi. Masana harsunan Nijeriya sun yi gwagwarmaya mai tsawo a kan wannan matsayi, suna kafa hujja da gwajin shekara shida na Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. Amma sashen harshe da sashen ilmi na musamman kamar ba a kundi ɗaya suke ba. Ba a tsaya an tambaya ba: mene ne harshen uwa ga yaron da aka haifa kurma a Fagge ko Tudun Wada?

Ba Hausar baka ba ce, domin bai taɓa jin ta ba. Masu ganin zai iya ɗaukar ta daga leɓe ba su yi la'akari da tsarin sautin Hausa ba. A leɓe, "bari" da "ɓari" da "mari" abu ɗaya ne. "Kara" da "ƙara" da "gara" duk a can cikin baki ake bambanta su, inda ido ba ya kaiwa. Karin sauti, wanda shi ne ya raba kukan yaro da kukar miya, ba ya da wata alama a fuska. Harshen da wannan yaro zai iya mallaka cikakke, kamar yadda mai ji ke mallakar Hausa, shi ne maganar hannu, kuma akwai ta a garinsu. Constanze Schmaling, wadda ta yi bincike a tsakanin kuramen Kano a shekarun 1990, ta wallafa littafinta mai suna Maganar Hannu a 2000, inda ta fayyace siffofin hannu da wuraren yin alama da motsi da hanyoyin ƙirar kalma na wannan harshe. Ta nuna cewa ba Hausar baka ce aka juya da hannu ba, harshe ne mai cin gashin kansa, ko da yake ya tsiro a cikin al'adun Hausawa, yana kuma ɗauke da su.

Malamin da ya fito daga Oyo ko Jos kuwa, alamomin da suka samo asali daga Amurka aka koya masa, kuma sau da yawa a jere su bisa tsarin jimlar Ingilishi. Da yawa daga cikin waɗannan alamomi a kan harafin farko na kalmar Ingilishi aka gina su. Alamar ruwa da siffar harafin W ake yin ta, ta iyali da F, ta ranar Litinin da M. Ga yaron Amurka wannan taimako ne wajen koyon rubutu. Ga yaron da zai rubuta "ruwa" da "iyali" da "Litinin" ba ta nuna masa komai. Haruffan yatsu guda 26 ne, na Ingilishi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y. Sakamakon haka kurma ɗan makaranta kan tashi da Ingilishi gutsi-gutsi, ba ya rubuta Hausa, in ya koma gida hutu kuma alamominsa sun saɓa da na mahaifiyarsa da na dattawan kuramen unguwa. Har ta kai ana samun rabuwa a cikin al'ummar kurame kanta, tsakanin 'yan boko masu ganin alamomin makaranta su ne wayewa, da waɗanda ba su je ba masu riƙe da na gado. Wannan hoto ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san tarihin Hausa da Ingilishi, ko na ajami da boko.

Dole a yi adalci a nan. Harshen da Foster ya shuka ya yi shekara fiye da 60 a ƙasar nan, ya rikiɗe, ya ɗauki alamomin gida, ya zama abin da ake kira maganar hannu ta Nijeriya, kuma shi ne ke haɗa kurman Sakkwato da na Kalaba. Babu mai hankalin da zai ce a raba yaro da shi. Matsayinsa ga kurman ƙasar Hausa kamar matsayin Ingilishi ne ga ɗan'uwansa mai ji. Abin da aka rasa shi ne matakin farko, wato a tarbi yaro da harshen da ya zo da shi daga gida.

Lamarin makaho ya fi sauƙi ta wannan fuska, tun da Hausa ce harshensa. Matsalarsa ta rubutu ce. Birel ɗigo shida ne, waɗanda ke ba da siffofi 63, kuma an daɗe da keɓe wa haruffan Hausa masu lanƙwasa nasu siffofin. Amma malamin da aka horar da Birel na Ingilishi, mai cike da taƙaice-taƙaicen kalmomin Ingilishi, ba lalle ne ya san na Hausa ba, balle na Larabci wanda yaron ke buƙata don Alƙur'ani. Littattafan Hausa na firamare kuma da wuya a same su a Birel. Sai ya kasance jikan tsangayar da ta fitar da Namangi yana karatu da yatsunsa cikin Ingilishi, harshen kansa kuwa sai dai a karanta masa.

Gwano ba ya jin warin jikinsa: sassan harsunan Nijeriya a jami'o'i, waɗanda suka yi ta kokawa a kan danniyar Ingilishi, sun daɗe suna kallon maganar hannu a matsayin sha'anin tsangayar ilmi ko ma'aikatar jin daɗin jama'a. Uganda ta ambaci maganar hannu a tsarin mulkinta na 1995, Kenya a na 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mai da tata harshen hukuma na 12 a 2023. A Nijeriya, manufar harshe da aka amince da ita a 2022, wadda ta tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa shekara shida, Gwamnatin Tarayya ta janye ta a watan Nuwamba na 2025, ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Yaro mai ji ya yi asarar wani haƙƙi da aka taɓa rubuta masa. Kurman ƙasar Hausa kuwa ba a taɓa koyar da shi da nasa harshen bisa tsarin hukuma ba, balle a janye.

7.0 Dokar 2018

Bayan manufar ilmin masu buƙata ta musamman ta 2015, sai Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Janairu na 2019 a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka fi sani da Dokar 2018. Wannan karon ba manufa ba ce, doka ce. Ta ce karatunsu kyauta ne har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati ta kasance a buɗe gare su, kuma ta mallaki aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo da kayan aiki na musamman. Ta ce a sa Birel da maganar hannu a cikin manhaja. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin da ya cika a watan Janairu na 2024. Aiwatar da ita a firamare kuma ya rataya ne a kan jihohi, tun da su ke riƙe da makarantun.

Firamaren gwamnati a Nijeriya sun haura 60,000. Ma'aikaci ɗaya a kowace makaranta na nufin mutum fiye da 60,000, kuma wanda ya ƙware a Birel ba shi ne ya ƙware a maganar hannu ba, ba kuma shi ne zai iya da yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa ba. Dokar ba ta faɗi wace maganar hannu take nufi ba, don haka wadda kwalejoji ke koyarwa ita ce za ta shiga aji.

Akwai wasu mutane da lissafin bai taɓa haɗawa da su ba. A kusan kowane gari na ƙasar Hausa akwai kurame manya, teloli da kafintoci da masu wankin hula, waɗanda suka ƙware a maganar hannu ta gado, wasunsu ma har da ta makaranta. Akwai makafi mahaddata, akwai kuma waɗanda suka yi Gindiri ko Tudun Maliki suka iya Birel suna zaune ba aiki. Su ne za su iya tsayawa kusa da malamin aji ɗaya su zama gada tsakaninsa da yaro, kamar yadda malami mai zagayawa ya yi a shekarun 1960. Dokar 2018 ta ce a ware wa masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma ƙa'idar koyarwa a firamare ita ce takardar NCE da rajista da hukumar malamai ta ƙasa, kuma tsarin albashin ƙananan hukumomi bai san wani matsayi mai suna mataimakin harshe ba. Hedimastan da ya san irin wannan tela a bayan makarantarsa, iyakar abin da zai iya shi ne ya kai maganar gaban kwamitin gudanarwa na makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, a yi karo-karo a riƙa ba shi ɗan abin sabulu a ƙarshen wata.